A daina jawo mana Suwidin a maganar satar fasaha

Wai yanzu kowa ya zama masanin Suwidin. Tun jiya da wani malami ya saki bidiyonsa yana bugun teburi, wai a 2009 Suwidin ta ɗaure ɓarayin waƙa shi ke nan satar fasaha ta mutu murus, don haka mu ma a kwashe yaran da ke tura waƙa a waya a kai su gidan yari, mutane suke ta turo min shi kamar an gano maganin talauci. Na gani. Ku huta haka nan.

Hukunci kam an yanke. Ranar 17 ga Afrilu 2009 kotu a Stockholm ta yanke wa mutum huɗu na Pirate Bay, shafin intanet da ake sauke waƙoƙi da finafinai na sata ta cikinsa, ɗaurin shekara ɗaiɗai, da diyyar kurona (kuɗin ƙasar) miliyan 30 ga kamfanonin waƙa da na fim: Peter Sunde, Fredrik Neij, Gottfrid Svartholm, da attajirin da ya tallafa musu, Carl Lundström. Sai me? A cikin wannan shekarar da malam yake ta nanatawa, ko mutum ɗaya a cikinsu bai fara zaman wannan ɗauri ba. Ƙara suka ɗaukaka suka koma gida. Svartholm sai a 2012 aka kamo shi a Kambodiya, Sunde da Neij kuwa sai 2014. Shi kuma shafin, an sha sauke shi ya sha dawowa. Tun a 2006 da 'yan sanda suka kai masa sumame suka kwashe na'urori, kwana uku kacal ya yi ya farfaɗo. Wannan ce mutuwar?

Bari ma in ƙara muku. Wata biyu bai cika da hukuncin ba aka yi zaɓen majalisar Turai, a watan Yuni. Jam'iyyar da ke kiran kanta ta 'yan fashin teku, wadda babban abin da ta sa gaba shi ne a sassauta dokar haƙƙin mallaka a kuma daina leƙen asirin mutane a intanet, ta tashi da kashi 7.1 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasar, ta samu kujera. Matasa suka yi ta tururuwar shiga jam'iyyar saboda haushin hukuncin. An je tsorata yara, yara sun kai wakili majalisar Turai a Brussels. Madalla da wannan nasara, malam.

Abin da ya karya satar waƙa a Suwidin sauƙi ne. Sauƙi. An mayar da biya ya fi sata sauƙi, shi ke nan.

A Oktoban 2008 Daniel Ek da Martin Lorentzon suka buɗe Spotify, manhajar sauraren waƙa ta intanet, a nan cikin Stockholm ɗin, garin da ake shari'ar. 2009 ce cikakkiyar shekararsa ta farko. Ka danna waƙa, ta kama nan take, babu jiran sauka, babu fargabar ka sauko da ƙwayar cuta ta cinye maka kwamfuta, babu takaicin ka jira awa guda ka buɗe ka tarar ba waƙar da kake nema ba ce. In ba ka da kuɗi ka saurara kyauta ana katse ka da talla, in kana da shi ka biya kurona 99 a wata a lokacin, abin da bai kai kuɗin sabon faifan CD guda ba. A watan Satumba kuma manhajar ta shiga waya. To wa zai ci gaba da haura katanga alhali an buɗe masa ƙofar gida?

Abin da ya fi ba ni dariya, kuma na tabbata malam bai sani ba, shi ne Ludvig Strigeus, mutumin da ya ƙera µTorrent, manhajar da 'yan satar ke sauke kayansu da ita, yana cikin waɗanda suka gina Spotify. Ek kansa ya taɓa shugabantar kamfanin na µTorrent na ɗan lokaci. Wato masu sanin kan hanyar ɓarayi aka ɗauko suka gina kasuwa. Ba su tsaya zagin yaran ba, sun zauna sun tambayi kansu me ya sa yaro ya fi son wancan wuri.

Na san za a ce min ai akwai dokar IPRED da ta fara aiki 1 ga Afrilu 2009, wadda ta ba masu haƙƙin mallaka damar zuwa kotu su karɓo bayanan wanda ake zargi daga kamfanin intanet. Haka ne, kuma zirga-zirgar intanet a ƙasar ta faɗi warwas a ranar, wajen kashi ɗaya cikin uku. Bayan 'yan watanni ta koma inda take. Tsoro kwana nawa yake yi? Cinikin waƙa ya tashi a Suwidin a wannan shekara bayan shekaru yana zubewa, kuma abin da ya riƙe tashin a shekarun da suka biyo baya kuɗin wata ne da mutane suke biya da son ransu.

Za kuma a ce mawaƙa ba sa samun komai. Wannan kam yana taɓa ni, ba zan yi ba'a a kai ba. A 2009 ɗin nan mawaƙin ƙasar Magnus Uggla ya janye waƙoƙinsa daga Spotify cikin fushi saboda ɗan abin da ya shigo masa, a daidai lokacin da ta bayyana cewa manyan kamfanonin faifai sun mallaki hannun jari a kamfanin. Ga mawaƙi, tsugune ba ta ƙare ba har yau. Amma wannan rigimar rabo ce tsakanin mawaƙi da kamfani. Sai an tara kuɗin ake faɗa a kan rabo, kuma ɗauri bai taɓa tara ko sisi ba. Sauƙi ne ya tara.

Yaron da ke zaune a bakin kasuwa da tsohuwar kwamfuta yana cika wa mutane waya da waƙa, shi ne mafi sauƙin hanya a unguwarsu. Ku kawo wadda ta fi tasa, ku ga ko zai ƙara ganin layi.

Kai, ni abin da ma nake tunawa da 2009 a wannan yanki ba kotu ba ce. A watan Mayu wani yaron Norwe haifaffen Minsk, Alexander Rybak, ya hau dandalin gasar waƙa ta Eurovision a Mosko da gogensa na Turawa, yana gogawa yana tsalle, ya kwashe maki 387, adadin da ba a taɓa samu ba kafin nan. Ayislan ta zo ta biyu, ƙasar da bankunanta suka durƙushe 'yan watanni kafin nan. Na nuna wa kawuna bidiyon a lokacin, ya kalla shiru har ƙarshe, sannan ya ce wai yanzu iyayen yaron nan suna raye suka bar shi yana goge?