Farfesa, ka gwada kankare, amma ka taɓa gwada laccarka?

Akwai tambayar da na daɗe ina son yi wa malamanmu na fannin injiniya, yau dai zan yi ta a fili, wanda ransa ya sosu ya yi haƙuri. Ranka ya daɗe Farfesa, idan aka kawo maka sabon siminti aka ce ya fi na da, ba ka yarda sai an kwaɓa shi, an zuba ƙananan bulolin gwaji, an jira kwana 28, an sa su a inji an matse an ga nauyin da za su ɗauka kafin su fashe. Ka yi daidai, haka aikin yake. To ita wannan laccar ta awa biyu, kana karantawa ɗalibai suna kwafa, wadda shekara ashirin ke nan ko waƙafi bai sauya a cikinta ba, a wane inji aka taɓa matsa ta?

Abin da ya tayar min da maganar shi ne wasu makonni da na yi ina bin maƙalun bincike a kan kayan gini marasa cutar da muhalli. Na karanta har idona ya yi ja. Da yawansu tamkar uwa ɗaya ta haife su: a cire kashi 10 ko 15 cikin ɗari na siminti, a maye gurbinsa da tokar wani abu, a gwada ƙarfi a kwana 7 da 14 da 28, a zana jadawali, a rufe da cewa ana ba da shawarar a ci gaba da bincike. Sai mai maƙala ya samu ƙarin girma, maƙala ta kwanta a mujalla, shi ke nan. Da na ɗauko littafin da ake koyar da ɗalibai kankare da shi, sai na tarar kamar ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan binciken ba. Mutum ɗaya ne fa yake rubuta maƙalar da safe, ya shiga aji da rana.

Kada a ɗauka ƙaramar magana ce. Duniya tana sarrafa siminti wajen tan biliyan 4 a kowace shekara, kuma masana sun kiyasta cewa kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa daga nan take fitowa. Tun 1824 da wani magini a birnin Leeds na Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin Portland, asalin dabarar tana nan: a gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu. A yau zafin yana kaiwa digiri 1450 kafin a samu abin da ake kira kilinka, wanda shi ake niƙawa ya zama siminti. Inda gizo ke saƙar shi ne fiye da rabin iskar ba daga man da aka ƙona take fitowa ba, daga jikin dutsen kansa take fita yayin da zafi ya raba shi. Ko da hasken rana kake hura tanderun, wannan kason yana nan. Saboda haka mafita mafi kusa ita ce a rage yawan kilinka a cikin buhu.

Kuma an samu hanya. Farfesa Karen Scrivener ta jami'ar EPFL da ke Lausanne a Suwizalan, tare da Fernando Martirena na Kuba da abokan aiki a Indiya, sun shafe shekaru a kan wani siminti da suka sa wa suna LC3. Kusan rabinsa ne kawai kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu ne, kashi 15 niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa wanda ba a gasa ba, sauran jifsam, wani farin ma'adini da dama can ake sa wa siminti. Shi yumɓun a zafi wajen digiri 800 ake gasa shi, kuma ba ya fitar da iskar da dutsen ke fitarwa. Da haka ana iya rage iskar kabon har zuwa kashi 40 cikin ɗari, ƙarfin kuma ya yi daidai da na simintin da aka saba. Abin da ya fi burge ni a aikin nan shi ne ba wani sinadari mai wuyar samu aka nemo ba. Yumɓu ne, wanda ƙasashe da dama ke takawa kullum.

To me ya hana a ga buhunsa ko'ina? Dalilan suna da yawa, har da kuɗin sauya injina. Akwai kuma ƙa'idojin gini, waɗanda tafiyarsu ta hawainiya ce: sai a 2021 Turai ta fitar da ƙa'idar EN 197-5 da ta buɗe ƙofa ga irin wannan siminti mai rabin kilinka. Amma ni dalilin da ya fi tsaya min a rai shi ne kan injiniyan da zai sa hannu a takarda. Da abin da aka koya masa yake gini. Idan a shekarun da ya yi a jami'a siminti iri ɗaya ya sani, lissafi iri ɗaya ya haddace, ranar da aka kawo masa buhu mai launin ja-ja aka ce yumɓu ne a ciki, wallahi ba zai sa hannu ba. Wa zai ɗora sunansa a kan abin da bai taɓa kwaɓawa ba?

Kuma ban ga laifinsa sosai ba, gaskiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Birtaniya, daga shekarun 1950 zuwa na 1990, an yi ta rufin makarantu da asibitoci da wani kankare mara nauyi mai ƙananan ramukan iska a ciki, ana ce masa RAAC. A zamaninsa ci gaba ne: ga sauƙin ɗauka, ga araha, ga saurin aiki. Daga baya aka gane cewa ruwa yana shigarsa, rodin ciki ya yi tsatsa, kuma yana iya ruftawa ba tare da wata alama ba. A 2018 rufin wata firamare a yankin Kent ya rufto, a ƙarshen Agustan 2023 kuma, ana sauran kwanaki a dawo daga hutu, gwamnati ta umarci makarantu fiye da 100 su rufe gine-ginensu. Asbestos ma, wani ma'adini mai zare-zare da aka yi ta sawa a kayan rufi, an taɓa yi masa kirarin abin al'ajabi kafin a gane abin da yake yi wa huhu. Tsoron sabon abu a aikin gini yana da tushe. Abin da nake cewa shi ne maganin wannan tsoro sanin yadda ake gwada abu, da sanin tambayar da za a yi masa: ya yake da ruwan gishiri, ya yake bayan shekara 30, me ke faruwa da rodin da ke cikinsa. Wannan kuwa a aji ake koyonsa, ko a fita ba a koya ba.

Nan ne na dawo kan laccar Farfesa, domin ita ma an gwada ta, mu ne dai ba mu leƙa sakamakon ba. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa na Jami'ar Washington suka tattara bincike 225 da aka yi a kan koyar da kimiyya da injiniya da lissafi a jami'o'i, suka buga a mujallar PNAS. A azuzuwan da malami ke zuba lacca daga farko har ƙarshe, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa. A azuzuwan da ake sa ɗalibai su warware matsala a nan take, su yi gardama da na kusa da su, malami yana zagayawa yana gyara, faɗuwar ta sauko zuwa wajen kashi 22. Don Allah a sake duba waɗannan alƙaluma. Da a ce siminti biyu aka gwada aka samu irin wannan tazara, da tuni an kori ɗaya daga kasuwa.

Akwai wani gwajin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni tsoro. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa suka raba ɗaliban fiziks na Harvard gida biyu, darasi ɗaya, hanyar koyarwa daban. Waɗanda aka sa su aiki da kansu sun fi cin gwajin da aka yi bayan darasi. Amma da aka tambaye su, sai suka ce su a ganinsu sun fi ƙaruwa a wajen malamin da ya tsara lacca mai daɗin sauraro. Kun ga inda matsalar take? Lacca mai santsi tana sa ɗalibi ya ji kamar ya gane, malami ya ji kamar ya koyar, kowa ya fita yana murna. Ni kaina na sha fita daga irin wannan aji ina jinjina wa malami, da dare na buɗe tambaya ta farko na rasa ta inda zan kama. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, bai ga ƙasƙanci ba wajen karkatar da ƙarfinsa ga binciken yadda ake koyar da kimiyya. Amma har yanzu a tsangayoyi da yawa, malamin injiniya da ya ce zai yi bincike a kan koyarwa kallon wanda ya gaza ake yi masa.

Su ma 'yan uwanmu na fannin ilimi ba zan ƙyale su ba, don suna da nasu kashin a gindi. Har gobe ana koya wa malamai cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wani da ido, wani da kunne, wani da hannu, a bi kowa da nasa. Tun 2008 Harold Pashler da abokansa suka bi hujjojin wannan magana suka tarar babu ingantaccen gwajin da ya tsayar da ita, amma ta ƙi mutuwa saboda tana da daɗin faɗa. A Peru an raba wa yaran karkara kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kowane yaro da tasa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ƙari a makin lissafi da na harshe ba. A Kenya an raba littattafan karatu, aka tarar yaran da dama can suke kan gaba ne kawai suka amfana, domin littattafan sun fi ƙarfin sauran. Abin da ya yi aiki a gwaje-gwajen da aka yi da ƙungiyar Pratham a Indiya abu ne mara ƙyalƙyali: a gwada yaro a ga inda ya tsaya, a koya masa daga nan, ko ajinsa nawa. Irin wannan aiki yana cikin abin da ya kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga kyautar Nobel a 2019. Sun yi wa tsarin koyarwa abin da injiniya ke yi wa bulon gwaji ne kawai.

Na san me za a ce min, kuma akwai gaskiya a ciki. Malami ba ya samun ƙarin girma don ɗalibansa sun fahimta, da yawan maƙalu ake auna shi. To idan ƙirga ake yi, za a kawo abin ƙirgawa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai cike da kurakurai da gangan, ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 bayan an riga an buga su. A irin wannan kasuwa, wa zai zauna ya jira shekara biyar yana kallon yadda gishiri ke cin kankare, alhali a wata uku zai iya fitar da maƙalar kwana 28?

Kalmar nan ta “mai ɗorewa” ko “mara cutar da muhalli” ma ta zama kamar hatimi, kowa ya ga dama ya buga. Masu bincike a Jami'ar Plymouth sun binne ledojin da aka rubuta wa cewa suna ruɓewa da kansu, bayan shekara uku suka tono wasu, a 2019 suka ba da rahoton cewa har lokacin suna iya ɗaukar kaya. Hukumar muhalli ta Ingila kuma ta lissafa a 2011 cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya bashin iskar da aka fitar wajen yin ta, idan aka gwada da leda guda. Ɗalibin da ba a koya masa bin abu tun daga haƙo shi har zuwa zubar da shi ba, duk wanda ya zo masa da koren tambari zai sayar masa.

Da ni ke da aji a hannuna, ga abin da zan yi, kuma ba ya bukatar wani sabon gini. A makon farko zan raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu su kwaɓa simintin da aka saba, wasu su kwaɓa mai gasasshen yumɓu, kowa ya rubuta hasashensa ya sa hannu kafin a taɓa inji. A kwana 28 mu fasa rabin bulolin, su yi ta gardama a kan dalilin da ya sa hasashen wasu ya kuskure. Sauran rabin, masu guntun rodi a ciki, mu rubuta kwanan wata a jikinsu mu jiƙa su a ruwan gishiri, mu bar wa 'yan ajin baɗi su fasa wasu, na bayansu su fasa wasu, kowane aji ya ƙara layinsa a littafi ɗaya. Ni kuma in yi wa ɗaliban gwaji iri ɗaya a farkon zango da ƙarshensa, in ajiye makin kusa da na bara, in ga ko hanyar tawa ta ɗauki nauyi ko ta tsage.

Malaman injiniya da ke cikin abokaina a nan, ina jiran ku. Wanda ya taɓa gwada irin wannan a ajinsa ya faɗa mana abin da ya gani, har da inda abin ya ƙi.