Samari, kafin ku jera gwanayen Pillars

'Yan uwana matasan Kano, musun wa ya fi wa a tarihin Kano Pillars abu ne mai daɗi, amma yadda kuke yin sa a majalisu da gidajen kallo ya fara damuna. Da an ce a kawo biyar na farko sai murya ta tashi, wannan ya kira wancan jahili, a ƙarshe a zagi ɗan wasan da ko zancen bai sani ba.

Ku fara da sanin ƙungiyar. An kafa ta a 1990. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare ta. A 2019 ta ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna bayan bugun fenariti da Niger Tornadoes. Wanda bai san waɗannan ba, da wane ma'auni zai auna?

Ma'aunin kuwa shi ne abin da mutum ya yi cikin rigar Sai Masu Gida. A nan da yawanku ke kuskure. Ahmed Musa ɗaukakarsa ba ta ɓuya: ƙwallo 18 da ya ci wa Pillars a kakar 2009/2010, sannan ya ci wa Najeriya a gasar kofin duniya biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Ya kuma dawo gida ya sake sa rigar, Allah Ya saka masa. Amma shekarun da aka jera kofuna uku yana Turai. Wanda ke filin Sani Abacha a lokacin, ya kuma ci gaba da bugawa har ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasa a 2022 ta dawo a 2023, shi ne Rabiu Ali Pele. Ni a wurina shi ne na ɗaya, Gambo Mohammed na biye. Kana iya saɓa mini, ba laifi, amma ka zo da hujja.

Kada kuma ku cika jerin da masu cin ƙwallo kaɗai. Ba a cin kofi sai da mai tsaron gida da 'yan baya. Theophilus Afelokhai ya shafe shekaru yana tsare ragar nan. Chinedu Udoji a Kano ya rasu, a hatsarin mota a watan Fabrairun 2018, yana ɗan wasanmu. Ba Kanawa ba ne, amma sun yi wa Kano hidima, kuma abin kunya ne a tsallake su saboda asali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zagin. Waɗannan ba Messi da Ronaldo ba ne da ke wata duniya. Cikin garin nan suke, kuna haɗuwa a masallaci da kasuwa, 'ya'yansu na riƙe da waya suna karanta abin da kuke rubutawa a Facebook. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Aba da Fatakwal, wani ya tashi da rauni a gwiwa, sai kai da ba ka taɓa sayen tikiti ba ka kira shi tsohon banza? Ku ji tsoron Allah.

Ku nemi dattawan da suka kalli Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa tun 1978, ku zauna su ba ku labari kafin ku sake jera kowa.