Gyaran kogin birni daga ƙarƙashin ƙasa yake farawa

Duk lokacin da aka ce za a farfaɗo da kogin da ya ratsa birni, abin da ake fara nuna wa jama'a shi ne zanen bakin ruwa, da bishiyoyi da fitilu da wuraren zama. Ni dai a ganina, abin da zai sa kogin ya rayu yana ƙarƙashin ƙasa, inda bututun ruwan sha da magudanan ƙazanta suke, kuma can ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi, ko da babu wanda zai gani ya yaba.

Birnin Paris ya isa misali. Tun 1923 aka haramta iyo a kogin Seine, kuma babban dalilin da ya sa ruwan ya daɗe bai gyaru ba shi ne tsofaffin magudanan birnin suna ɗaukar ruwan sama da ƙazantar gidaje a hanya guda, ta yadda da zarar an tafka ruwa sai su cika su amayar cikin kogi. Sai da aka kashe kimanin Yuro biliyan 1.4, aka haƙa katafaren tafki mai cin kubik mita 50,000 a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz don ya riƙe ruwan magudanan idan sun cika, aka kuma haɗa gidajen da ke zuba ƙazanta kai tsaye da babbar magudana, kafin a buɗe kogin ga masu iyo a 2025. Duk da haka, a gasar Olamfik ta 2024 ruwan sama ya gurɓata kogin har aka ɗage wasa.

A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, kuwa, tsakanin 2003 da 2005 an rushe gadar sama aka tono rafin Cheonggyecheon da ke binne a ƙarƙashinta. Ya yi kyau ƙwarai, amma mafi yawan ruwansa da injuna ake turo shi daga kogin Han, wato ɗawainiya ce ta kullum da ba ta ƙarewa ranar yanke ƙyalle.

Abin da ya fi damuna shi ne bututun ruwan sha. Bututun da ya tsage yana zubar da ruwa idan da ƙarfi a cikinsa, amma sa'ad da aka ɗauke ruwa sai ya riƙa zuƙo dattin da ke kewaye da shi, musamman inda ya bi ta cikin kwata. Shi ya sa ruwan farko da ke fitowa daga famfo bayan an dawo da shi yakan zo ja da wari, kuma shi yara suke sha. A 1993 birnin Phnom Penh na Kambodiya yana asarar kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan da ya tace. Da aka sauya tsofaffin bututu, aka sa mita, aka hana satar ruwa, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Saboda haka, idan hukuma ta fito da zanen sabon bakin kogi, ya kamata mazauna birnin su tambaye ta kilomita nawa na bututu za ta sauya, ina ƙazantar gidaje za ta riƙa zuwa, kuma wa zai biya kuɗin kula da aikin bayan 'yan kwangila sun kwashe kayansu.