Kafin ka ce "ku ajiye lambar akawun", ka fara rubuta sharuɗɗa

Wata Juma'a ƙanina ya shigo gida yana washe baki, wai ya ci naira dubu ashirin. Wani mai shafi ne a Facebook ya sa garaɓasa: ka bi shafin, ka yi sharin, ka jawo sunan abokai goma, sannan ka ajiye lambar akawun da ta waya a kwament. Duk ya cika. Bayan sallar Juma'a wani ya kira shi, ya ambaci sunansa da bankinsa daidai, ya ce za a turo masa lambobi shida, ya karanto su a saki kuɗin. Ya karanto, ashe lambobin shiga WhatsApp ɗinsa ne. Kafin magariba WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani, ana ta bin 'yan uwa da roƙon rance da sunansa. Ban ce mai shafin ne ya kira ba. Amma shi ya baje wa ɓarawo kaya a tsakiyar kasuwa, kuma har yau bai fito ya ce ga wanda ya ci kyautar ba.

Idan ka yi ƙorafi sai a ce maka, "Ai kyauta ce, wa ya yi maka dole?" Wannan magana ba ta gamsar da ni. Wanda ya shiga ya ƙona data, ya ɓata lokaci, ya ari sunayen abokansa ya ba ka. Kai kuma mai shafi ka tashi da sababbin mabiya, waɗanda da yawansu ne gobe za ka yi wa mai talla farashi. Ashe ciniki aka yi, kowa ya kawo nasa. Alkawari kaya ne, kuma a cikin alamomin munafiki uku da hadisi ya lissafa akwai wanda idan ya yi alkawari sai ya saɓa.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Tun kafin mutum na farko ya danna layik, a rubuta mene ne kyautar, mutum nawa za su samu, wa ya cancanci shiga, ranar rufewa da ƙarfe nawa, da yadda za a fitar da gwani. In an rubuta, kada a sauya a tsakiyar tafiya don an ga jama'a sun yi yawa. Shi kansa Facebook haka ƙa'idarsa ta ce: mai gasa ya fitar da sharuɗɗansa, ya bayyana cewa babu hannun kamfanin a ciki. Ya ma hana a ce sai ka yi sharin a shafinka ko ka jawo sunan abokai kafin ka shiga, abin da kusan kowa ke yi a wurinmu.

Lambar akawun da ta waya kuwa ba su da abin yi a kwament. Wanda ya ci kaɗai ya kamata a nema, a keɓe. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, tana kuma da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda garaɓasar 'yan kasuwa ke cikin abin da take sa wa ido. Sai dai hukuma ba za ta iya bin kowane shafi ba, mai shafin ne zai fara jin nauyin mutanen da suka amince da shi.

Inda abin ya fi damuna shi ne masu cewa a turo ɗari biyu ko ɗari biyar "kuɗin rajista", wanda ya yi sa'a ya tafi da waya ko keken ɗinki. Mutum dubu sun zuba, ɗaya ya ɗauka, sauran sun tashi a tutar babu. Ko da wane suna aka kira shi, wannan caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a waje guda. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kula da harkar caca hurumin jihohi ne. To jihohinmu da ke rufe shagunan caca a bakin titi, ya kamata su san cewa wani shagon yana cikin wayar yaranmu, sanye da rigar kyauta.

Akwai kuma masu turo dubu ɗaya, sannan su ce sai ka ɗora hoton alat ka yi musu kirari a bainar jama'a. Talauci ne ya kawo mutum layi. Aya ta 264 a Baƙara ta yi kashedi kan ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Ana iya yin abin da tsafta, mun gani. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wato gasar rubuta gajerun labarai ta mata, tun 2016 take gudana, kowace shekara da sharuɗɗanta a rubuce, da wa'adinta, da alƙalanta. Ba sai kana da ƙarfin BBC ba. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa ta intanet ta sa gasar turmi uku kafin ƙaramar salla. Ta rubuta cewa za ta rufe ranar Laraba ƙarfe tara na dare, ta kuwa rufe. Washegari ta kunna bidiyo kai-tsaye, ta rubuta sunaye a 'yan takardu, ta nannaɗe ta zuba a kwanon silba, ta kira 'yarta mai shekara biyar ta ɗebo uku. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci a Maraɗi take, kuɗin mota ya kusa kai rabin kuɗin atamfar. Maƙwabciyar tamu ta biya daga aljihunta ta sa a mota, don tun farko ba ta rubuta cewa gasar ta 'yan Najeriya ce kaɗai ba.