Mai haƙar kabari ko sannu ba mu ce masa

Assalamu alaikum 'yan uwa, wani abu na gani jiya a maƙabarta ya tsaya min a rai har yanzu.

Mun kai wani maƙwabcinmu Allah ya jiƙansa, rana tsaka ga zafi kamar me, muna isa mun tarar har an gama haƙa. Wani dattijo ne a tsaye a gefe da diga a hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafarsa duk jar ƙasa faso ya tsattsage dunduniyar. Shi ya nuna mana yadda za a ajiye makarar, shi ya miƙo itace da fasassun tukwane, shi ya kwaɓa laka aka toshe kafofi dan kar ƙasa ta zuba wa mamaci. Aka rufe aka yi addu'a aka shafa, sai kowa ya juya wajen 'ya'yan mamacin da manyan unguwa ana ta gaisawa, wasu ma har sun ciro waya, wallahi ban ga mutum ɗaya da ya ce wa dattijon nan sannu ba. Ni kaina sai da na kai bakin ƙofa kunya ta kamani na dawo.

Na ce Baba sannu da aiki, Allah ya saka da alheri. Ya ce amin ɗana, ai gidanmu ne gaba ɗaya, wanda na haƙa wa yau ya riga ni ne kawai. Na ɗan miƙa masa abinda ya sawwaƙa, ya karɓa ya ce zai sayi ruwan kwaɓi dan rijiyar wajen ta ja baya. Kuɗin da na bashi dan ya ci abinci shi tunaninsa na kan gawar da za a kawo anjima.

Sai na tuna matar nan baƙar fata da take share masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim daga Abu Huraira. Ta rasu aka binneta ba a sanar da Manzon Allah ba, kamar dai an ɗauki lamarinta ƙarami. Da bai ganta ba ya tambaya, aka ce ai ta rasu, ya ce me ya hana ku sanar da ni, ku nuna min kabarinta. Ya taka har can ya yi mata sallah. Mai shara fa jama'a, ba ta da dukiya ba ta da sarauta, tsince ƙazantar masallaci kawai take yi amma fiyayyen halitta ya lura da rashinta.

Mu yanzu buhun shinkafa ɗaya za mu bayar sai an ɗau hoto an sa a Facebook an yi ta yabo, in ba a gode ba mu ji haushi har mu ce ba za mu ƙara ba. Alhali Allah ya siffanta bayinsa na gari a Suratul Insan aya ta 9 da cewa suna ciyarwa ne dan Allah kaɗai, ba sa neman sakayya ko godiya. A Sahihu Muslim kuma Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya rawaito cewa Allah yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye. Wannan kalmar ta ɓoyayye ita take bani tsoro, dan zuciyata na son a sani.

Ku tuna watan Afrilu na 2020 lokacin kullen korona da mace-mace suka yi yawa a Kano, muna gida ƙofa a rufe muna tsoron ko musabaha, su masu haƙar nan suna maƙabartu tun asuba suna karɓar iyayenmu da malamanmu. Haka ladanin unguwarku da yake fitowa cikin hunturu, haka tsohuwar da ake bugawa ƙofa tsakar dare in mace ta rasu ta zo ta yi mata wanka. Dan Allah ku neme su tun suna raye, ku gaishesu ku tambayi iyalinsu, in da hali a kai musu sabon shebur ko tankar ruwa.

Ina sallama da Baba sai ga wani yaro a kan babur ya kawo karan awo, an sake rashi. Ya karɓi karan ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya saɓa digarsa ya nufi can gabas inda sauran fili yake.