Kofin Spengler: gasar da ƙanƙantarta ta raya

Kowace shekara daga 26 zuwa 31 ga Disamba, garin Davos da ke kan tsaunukan Siwizalan yakan karɓi gasar hoki na ƙanƙara da aka fara tun 1923. Ita ce mafi daɗewa cikin gasannin wannan wasa da ake shiga ta hanyar gayyata. Ra'ayina shi ne, abin da wasu ke ɗauka rauninta, wato ƙungiyoyi shida kacal, fili ɗaya, ba wasan share fage, shi ne ya kai ta shekara ɗari.

Wanda ya ba da kofin likita ne, Dakta Carl Spengler, masanin tarin fuka a lokacin da Davos ke cike da gidajen jinyar masu wannan cuta. Bayan Yaƙin Duniya na Farko an mayar da 'yan wasan Jamus saniyar ware, shi kuma ya so a samu fili guda da abokan gaban jiya za su gwada ƙarfi da sanda maimakon bindiga. Jami'ar Oxford ce ta ɗauki kofin farko, ƙungiyar Berliner SC ta Jamus ta ɗauka a 1924. Daga baya LTC Praha ta birnin Prague ta ci sau bakwai, kuma a tsakiyar yaƙin cacar baka ƙungiyoyin Moscow da na Leningrad na Tarayyar Sobiyet sun riƙa hawa tsaunin suna komawa da kofi. Duk wannan ya yiwu ne saboda mai masauki, HC Davos, ƙungiyar hoki ta garin, ita ke zaɓen baƙinta ba tare da jiran teburin wata hukuma ba.

Fiye da shekara hamsin a sarari ake wasa, dusar ƙanƙara na zuba a kan fili, sai a 1979 aka koma cikin zauren wasa mai rufin katako da ya zama alamar gasar. Sauyi na biyu ya zo a 1984 da aka fara gayyatar tawagar Kanada, wadda ake haɗawa galibi daga 'yan Kanada masu wasa a ƙungiyoyin Turai. Ta ci a shekararta ta farko, kuma zuwa 2019 ta tara kofi 16. A 2012, da rikicin albashi ya tsayar da NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ta zo da John Tavares da Patrice Bergeron da Jason Spezza, ta doke Davos mai Joe Thornton da Patrick Kane da ci 7 da 2 a wasan ƙarshe.

Tsarin yanzu, wanda aka kawo a 2010, yana da aibin da ya kamata a faɗa. Ana raba ƙungiyoyi shida gida biyu, rukunin Torriani da rukunin Cattini, sunayen tsoffin gwanayen Davos. Wasa 11 ne cikin kwana shida. Ta farko a kowane rukuni takan wuce kai tsaye zuwa wasan kusa da na ƙarshe, ta biyu a kowane rukuni kuma ta kara da ta uku ta ɗaya rukunin a ranar 29. Ke nan ba wadda ake kora a matakin rukuni, ƙungiya za ta iya shan kashi sau biyu kuma ta ɗauki kofi. Matsala mafi girma ita ce gajiya. Wadda ta fara wasa ranar 27 kuma ba ta zo ta ɗaya ba, sai ta yi wasa biyar cikin kwana biyar a jere kafin ta ga kofi, na ƙarshen ma da tsakar rana ake yin sa, washegarin wasan kusa da na ƙarshe. A garin da ke sama da mita 1,500 bisa teku, inda numfashi ke saurin yankewa, ƙafafu kan mutu tun kafin zango na uku, wato na ƙarshe a wasa. Izinin aro 'yan wasa kaɗan daga wasu ƙungiyoyi yana rage nauyin, amma bai kawar da shi ba. Gyaran jadawalin kwana biyun ƙarshe ya fi ƙara yawan baƙi amfani.

Akwai kuma batun Rasha. Tun bayan mamayar Yukren a 2022 ba a gayyaci ƙungiyoyin KHL, babbar gasar hoki ta Rasha, ba, bayan korona ta riga ta hana gasar 2020 da ta 2021. Na fahimci dalilin, domin da yawa daga waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin kamfanonin da ke hannun gwamnati suke rayuwa, kuma yaƙin bai ƙare ba. Spengler ma bayan an ajiye makamai ya miƙa hannu. Amma ranar da aka tsagaita, gasar da aka kafa don dawo da waɗanda aka ware ita ce ta fi cancanta ta fara aika goron gayyata.

Kafin nan, giɓin ya buɗe ƙofa ga wasu. Ambri-Piotta, ƙungiyar wani ƙaramin ƙauye a kwarin Leventina na Siwizalan, ta ci a 2022. Davos ta cika kofinta na 16 a 2023, shekarar da gasar ta cika ɗari, sannan Fribourg-Gottéron ta Siwizalan ta ɗauka a 2024 bayan ta doke Straubing ta Jamus.