Matasa masu fita bishara, ina kuka baro sallama?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, wasu matasan ikilisiya kimanin goma sha biyar suka sauka a bakin wata tashar mota, kowa sanye da farar riga an buga aya a bayanta, ga janareta, ga lasifika biyu. Ba su nemi shugaban tasha sun gaishe shi ba, mai shayin da suka tare wa gaban tebur ma ko sannu bai samu ba. Wanda ya riƙe makirufo ya kwashe minti arba'in yana magana, amma da ƙyar sunan Yesu ya samu minti biyar a ciki. Sauran duk habaici ne da gugar zana a kan addinin mutanen da ke jiran mota. Da suka gama aka jeru aka ɗauki hoto, suka naɗe wayoyinsu suka tafi, takardun da suka raba kuwa suna kwance a kwata. Wata uwa mai ƙosai, mai bi ce ita ma, shekara da shekaru tana suya a wannan tasha, ita aka bari da kunyar.

Ƙannena, zagi ne wannan aka sa masa rigar coci.

Kada wani ya ce ana hana ku fita. Fita dole ce, kuma ba a wuyan fasto kaɗai take ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8: da aka kashe Istifanas tsanani ya tashi a Urushalima, masu bi suka warwatse, sai manzanni kawai suka rage a birni. Aya ta 4 ta ce waɗanda suka warwatsen nan ne suka yi ta shelar maganar. A sura 11 wasunsu, mutanen Kubrus da Kurane da ko sunansu ba a rubuta ba, suka kai ta Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Baiwar gidan Na'aman yarinya ce da aka kamo a yaƙi, da magana ɗaya ta tura maigidanta, sarkin yaƙin Suriya, wurin annabi Elisha. Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Saboda haka tela, da nas, da mai gyaran waya, da ɗan acaɓa, da ɗalibar jami'a, duk ɗan aike ne. Sai dai aike yana da tsari, kuma wanda ya aike ku bai bar muku zaɓi a kansa ba.

Tsarin yana Luka sura 10, inda Ubangiji ya aiki almajirai saba'in, biyu-biyu. Ku lura da yadda ya jera abubuwan. Da farko, duk gidan da aka shiga, kalmar da za ta fara fita ita ce salama ga gidan. Bayan ta sai zama a gidan da cin abin da aka ajiye maka, ba tare da yawo gida-gida kana neman inda miya ta fi nama ba. Sai kula da marasa lafiyan garin. Sannan ne ake cewa Mulkin Allah ya kusato. Magana ta zo ta huɗu. In kuma an ƙi ku, ku karkaɗe ƙurar ƙafa ku wuce. A surar da ke kafin wannan ma, da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, juyowa ya yi ya tsawata musu. Ku kuwa kun tsallake ukun farko, kun dira a kan ta huɗu, kun ƙara ta biyar daga aljihunku, wato zagi.

Bari a faɗa muku abin da ke faruwa a kunnen mutum in an taɓa abin da yake girmamawa a gaban tsaransa. Daga wannan lokaci ya daina sauraro, amsa yake haɗawa a ransa. Ko da akwai tambayar da ta daɗe tana damunsa, ba zai yi ta ba, don yin ta a nan tamkar ya bi bayan mai zagin iyayensa ne. Kun rufe ƙofar da watakila mai ƙosan nan ta shekara goma tana buɗewa da gaisuwa da zuwa suna da ta'aziyya. Magana zarar bunu ce. Ga kuma kurakuran da ko ɗan ajin baftisma ya kamata ya gane: fasinja ba ya wuce minti goma a tasha in mota ta kusa cika, ku kuma kun shirya jawabin minti arba'in. Takardunku da Turanci suke, alhali yawancin masu wucewa Hausa suke karantawa, wasu ma ajami. Kun ƙure lasifika har aka kusa kiran azahar. Ba wanda ya zauna a benci da mutum guda, ba wanda ya san sunan kowa, ba wanda zai koma mako mai zuwa. To me aka shuka?

Ƙanen wannan hali shi ne mai amsa-kuwwar asuba, wanda ke bin lungu da ƙarfe huɗu da rabi yana jera wa mutane sunayen zunubansu da bayanin wutar jahannama. A bayan katangar nan akwai mai jego da jaririnta bai daɗe da yin barci ba, akwai tsoho mai hawan jini, akwai ma'aikaciyar asibiti da ta kwana a bakin aiki. Da gari ya waye shi wannan mai wa'azin zai wuce su a ƙofar gida ko ina kwana babu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma shi ba fuskar ba tabarmar.

Da dare kuma sai a koma Facebook da TikTok a ci gaba daga inda aka tsaya. Wai kare bangaskiya. Wasiƙar Bitrus ta fari, 3:15, da kuke yawan jawowa, ta ce ku kasance a shirye ku ba da amsa ga mai tambaya, kuma ta ɗaure amsar da tawali'u da ladabi. Wa ya tambaye ka? Bulus ya gaya wa Timoti bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne, ya gaya wa Kolosiyawa maganarsu ta zama da gishiri. Taku barkono ce zalla. Kana kwance a ɗakinka a Abuja ka rubuta ashar, a ɗauki hoton rubutun a tura shi wani gari, gobe a tare wani ɗalibi ko mai shago da bai san hawa ba bai san sauka ba. Baki shi ke yanka wuya, sai dai a ƙasar nan sau da yawa wuyan wani yake yankawa. Mafi muni su ne masu ɗora hoton wanda ya ba da gaskiya jiya, da fuskarsa da sunan ƙauyensu, don a yaba musu. Kun tanadi inda zai kwana in an kore shi daga gida? Kun tanadi sana'ar da zai ci abinci? Kun san wanda zai koya masa karatu na wata shida masu zuwa? Ko ɗaya babu, hoto kawai.

Na san abin da za ku ce: mu ma ana zaginmu, an ƙona mana majami'u, mun binne namu. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma in asara ce ke ba da lasisin zagi, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fi kowa baki. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta a Kwarhi, kuma har yau koyarwarta ba ta yarda da ramuwa ba. Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, ya zo ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna. A watan Yunin 2018, a yankin Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan. Sa'ad da kuke watsa habaici a tasha, da irinsa kuke haɗawa.

Ban ma taɓo wanda mai shago ke binsa bashi wata uku, yana canza hanya don kada su haɗu, ranar Asabar kuma ya miƙa masa takardar bishara ba. Ko wanda ya fito daga shagon cacar ƙwallo ya sa rigar zumunta. Ko gasar anko da ta mai da ranar Lahadi kamar ɗaurin aure, ko zaɓen shugabannin matasa da ake yi da ƙabila kamar na kansila. Maƙwabta suna ganin duk wannan, gani kuwa ya kori ji.

Da ba haka ake yi ba. Turawa uku na farko na mishan ɗin SIM da suka zo da niyyar shigowa Arewa a 1893, Gowans da Kent da Bingham, biyu sun mutu a 1894, sai a 1902 aka samu zama a Patigi. A Garkida a 1923 a gindin tsamiya aka yi sujadar farko ta Ekklesiyar 'Yan'uwa, abin da ya biyo baya kuwa makaranta ce da asibiti da kula da kutare. A Galmi ta Nijar asibiti aka buɗe a 1950. Amma mafi yawan aikin ba Turawa suka yi ba. Masu bishara 'yan ƙasa ne, mutum da matarsa da keke da fartanya, su roƙi mai gari fili, su noma abincinsu, su koyi harshen wurin, su koya wa manya karatu da yamma, matar ta zauna da masu naƙuda. Sai a shekara uku kafin a yi baftisma ɗaya, ba wanda ya ɗauki hoto. 'Yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da suka taso a shekarun 1960 manoma ne da leburori da malaman firamare. In za su shiga ƙauye bayan girbi, ƙofar mai unguwa suke fara tsayawa, su tuɓe takalmi, su durƙusa su yi gaisuwa, in ya ba da izini su kafa ganga, in ya hana su yi godiya su wuce gaba. Iyayenmu na Zumuntar Mata da ƙwaryar kunu suke shiga gidan rasuwa, ba sa tambayar addinin mamacin. Waɗannan ba su da janareta, da yawansu Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ma da ƙyar suke haɗa baƙinsa, amma sun san zumunci a ƙafa yake. Yau muna da digiri da lasifika da data, an rasa mai iya cewa salamu alaikum a ƙofar maƙwabci.

A gyara, don Allah. Dattawan ikilisiya su ma su daina sa hannu a kuɗin hayar janareta ba su tambayi abin da za a faɗa da shi ba.

Ranar Litinin da sassafe mai ƙosan nan ta zuba na ɗari biyar a takarda ta kai wa mai shayi da hannunta, ta ce ya yi haƙuri, yara ne. Ya karɓa, ya ce ba komai, Mama, amma bai ɗago ya dube ta ba.